Kifin da Yaya Lawali Ya Bar Mini

Ranar wata Juma'a a tsakiyar bazara, shekarar da zan yi satifika, na dawo daga lakwal, wato makaranta, da rana tsaka na tarar kuran, wutar lantarki ke nan, ya ɗauke, ɗan injin da ke hura wa kifina iska ya yi tsit. Su biyun sun taso sama suna haki, launinsu ya koɗe. Wallahi ko jaka ban ajiye ba, na jiƙo buhu na lulluɓe akwatin gilas ɗin yadda muke yi wa randa, na zauna ina yi musu fifita da faifai ina kuka.

Kifin na yayana ne, Lawali. Wata likita da ya yi wa aikin gida a Maraɗi ce ta bar masa su da za ta koma ƙasarsu. Ƴan mitsi-mitsi ne, ba su kai ɗan yatsana ba, shuɗi da rawaya, idonsu ja. Ba ruwansu da faɗa, aikinsu ke nan tonon yashi ƙarƙashin wani guntun kasko, namijin gaba, macen na biye. A Dakoro, inda kifin da muka sani shi ne busasshe na miya, yaran unguwa har turereniya suke yi a zaurenmu. Da Yaya zai tafi arewa haƙar zinariya, bayan an yanke gero, ya nuna mini bidunan, wato jarkokin, ruwan sama da ya tara musu da damina. Ban da na rijiya, ban da na famfo, kuma kaɗan-kaɗan ake canzawa. “Ki riƙe mini su har in dawo,” ya ce, ya dungure mini kai.

Da farko yana kira duk mako, daga baya wayarsa ta daina shiga. Ba wanda ya faɗa mini, ni kaɗai na ƙulla a raina cewa muddin kifin nan na motsi, Yaya na da rai. Na bar gaɗa, na bar ƴar carafke. Da na gama surfe na ba awaki dusa, sai gaban gilas. Da ya rage bido ɗaya, gida-gida na bi ina roƙon ruwan sama a watan da ko gajimare babu, mata na yi mini dariya.

Kakarmu ce ta fi kowa tsiya. A wajen Tagriss ta tashi cikin garke, abin da ba a tatsa ba ta ɗauke shi dabba ba. Lawali kuwa angonta take ce masa, irin wasan kaka da jika. “Ba nono, ba nama! Angon nan nawa wahala kawai ya bar miki.”

To, ranar nan har azahar kuran bai dawo ba, macen ta fara kwanciya gefe guda. Inna ta aike ni in kai wa Baba fura kasuwa, na ƙi, ta daka mini tsawa. Da gudu na je, da gudu na dawo. Ina shiga na ga ruwan ya yi fari-fari, Kaka na durƙushe, ɗan turmi a gefenta. Jar kanwarta ce ta daka ta zuba, wadda take ɓoye wa akuyarta in ta yi laushi. “Yanzu za su miƙe, ƴar nan,” in ji ta. “Ban taɓa ba dabba kanwa ta ba ni kunya ba.” Na kurma ihu, na kwashe su da ludayi zuwa ɗan sauran ruwan bido. Ina! Kafin la'asar duk sun juya ciki sama.

Na buɗe baki zan zazzaga mata rashin kunya, sai na ga tana kallon kifin tana kiran sunan Lawali a hankali. Ashe ba ni kaɗai na yi wannan ƙulli ba. Daga baya Inna ta gaya mini duk sanda na tafi lakwal, Kaka ce ke zaman gadinsu. Mu biyu muka binne su gindin itacen bedi.

Yau ina Yamai, ina da irinsu biyu a ɗakina, injinsu na kan sola, kuma na san ruwa mai kanwa ƙona su yake yi. Kaka ta rasu ba ta ga angonta ba, mu ma har yanzu shiru. Ƴaƴana kan yi dariya in hadari ya taso suka ga ina jera robobin tarar ruwan sama a tsakar gida. Ni dai Yaya cewa ya yi in riƙe masa har ya dawo.