Ranar Da Saani Ya Ja Motar Amarya

Saani ya baro Fagge ya zo London da niyyar karatu. Karatun ya tsaya a hanya, shi kuma ya zauna. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana aikin gadi a wani babban kanti a Tottenham, iyalinsa na wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a Edmonton. Ƙofarmu na kallon juna, don haka yawancin abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba. Mutum ne mai sakin hannu, ba ya cin naman kowa. Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato Issahaku.

Issahaku ɗan zangon Kumasi ne, direban minicab, wato ƙaramar motar haya, mai wata tsohuwar Toyota ruwan toka wadda ko ɓarawo ba zai waiwaye ta ba. Amma duk bikin da Hausawan yankinmu suka yi, shi ke ɗaukar amarya. Iyaye mata sun ce hannunsa na da albarka, don tun da ya fara tuƙi a ƙasar nan kamarar da ke kama masu gudu ba ta taɓa samunsa ba. In ya tsaya a ƙofar gidan ango sai mata su rangaɗa guɗa, a fesa masa turare, a cika masa but ɗin mota da kulolin abinci. Mu sauran masu mota kuwa ko sannu. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin yana sosa mini rai, amma Saani ciwo ya zame masa.

Saboda wannan kishin ya sayi baƙar Marsandi. Kowace Asabar yana goge ta har sai ya ga fuskarsa a jikinta, duk da haka ba wadda ta taɓa cewa ya ɗauki 'yarta. Laifin, a wurinsa, na kamara ne. A majalisarmu ta bayan sallar Juma'a kullum huɗubarsa ɗaya: waɗannan na'urorin ba don kare rai aka kafa su ba, tarkon gwamnati ne na tara kuɗi, kuma duk mai rarrafe a gabansu matsoraci ne da ake kira mai hankali. Ya laƙaba wa Issahaku suna Kunkuru. Shi kansa points tara na laifin tuƙi ne a kan lasisinsa, saura ƙiris a karɓe, amma wannan ba ya cikin huɗubar.

Da aka sa ranar auren Mufeeda, 'yar yayarsa Hajiya Katumi, sai Saani ya tare a falonta. Ya ce shi ne kawun yarinya, abin kunya ne bare ya kai ta ɗakinta a cikin akwala alhali ga motar gida. Ya yi fushi, ya yi lallashi, har ya ce ba zai zo ɗaurin aure ba. Hajiya ta gaji ta ba shi. Issahaku aka ce ya ɗauki gwaggonni, tsofaffin da za su damƙa amarya ga dangin miji. Bai nuna ko a jikinsa ba.

“Amarya ba shi gudu, Alhaji,” ya ce wa Saani da Hausarsu ta zango. “Gidan miji ba shi zuwa ko'ina.”

Saani ya yi dariya, ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da rana aka yi kai amarya, don a nan in kun yi hayaniya bayan magariba maƙwabta sai su kira council. Daga Edmonton za mu Deptford, can ƙetaren kogi. Saani ya tara mu masu mota ya ce yau irin na Kano za a yi: kowa ya kunna fitilun gefe, kowa ya manne wa na gabansa, kada jeri ya tsinke. Wani ya tuna masa da kamarorin babban titi, masu auna lokacin da mota ta ɗauka daga wannan zuwa waccan. Ya ce ya san maganinsu, wai in ka sauya layi a tsakaninsu na'urar rikicewa take yi. Muka yarda, don a jerin kai amarya ba a barin motar amarya ta ɓace maka.

Ya kuwa taka ta. Muna binsa muna sauya layi kamar awakin da aka koro daga gona. Na hango shi ta gilashi yana murmushi, hula a karkace. Ban taɓa ganin Saani cikin farin ciki irin na ranar ba.

Muka isa, babu guɗa, don masu guɗar suna motar Issahaku. Dangin ango suka leƙo ta taga suka koma, tunda ba a shigar da amarya sai da gwaggonninta. Mufeeda na zaune a baya cikin lulluɓi, kanta na juyawa, ƙawarta na yi mata fifita. Shayin da aka kawo mana har ya huce kafin Toyota ta shawo kwana a hankali. Tsofaffi suka fito garau, suna sa wa Issahaku albarka, kuma a ƙofar motarsa aka rangaɗa guɗar. Saani na tsaye riƙe da makulli, ba wanda ya dube shi.

Bayan kwanaki takardun tara suka fara sauka gida-gida, har da nawa. Matata ta yi mako ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Saani kuwa points ɗinsa suka cika, kotu ta hana shi tuƙi wata shida. Garin neman gira ya rasa ido. Duk da haka a majalisa cewa ya yi ai ga shi maganarsa ta tabbata, gwamnati ta ci biki fiye da ango.

Kafin wa'adin ya cika aka yi bikin ƙanwar Mufeeda. Wannan karon Hajiya Katumi ba ta shawarci kowa ba, Issahaku ta ba ɗaukar amarya. Da Saani ya ce zai bi bas, ta ce kawun amarya ba ya bin bas, ta sa shi a gidan gaba na Toyotar Issahaku, ta ɗora masa kular masa a cinya.

Ɗaya daga cikin gwaggonnin da ke baya ce ta ba ni labari. Ta ce tun daga Edmonton har gidan ango idon Saani na kan titi. Duk kamarar da suka tunkara sai ya saci kallon allurar gudu, ya ga ba ta motsa daga inda doka ta ce ba. Ƙafarsa ta dama kuwa tana ta danna ƙasan motar da ƙarfi, a gefen da babu totur.