Sandar Tapki da Katangata

Ina da maƙwabci a Kara-Kara, wani Alhaji, wanda in sauro ya cije shi, sauron ne ke kwanciya jinya. Abin da ya hana mu cinye juna ɗanye shi ne katangar ƙasa da ke tsakanin gidajenmu. Ina son katangar nan kamar ɗan fari.

Gab da wata damina masana ruwa suka shigo kartiyenmu, wato unguwarmu. Suka auna gangaren ƙasa, suka kafa sanda a bakin tapkin da ke bayan gidajenmu, ƙasanta kore, samanta ja. Wata injiniya a cikinsu ta yi mana bayani: da zarar ruwa ya taɓa jan, a buɗe magudanar da ke kai shi fili, a jera buhunan yashi a gindin katangu. Ko akuyata ta gane.

Shi ma Alhaji ya gane, shi ya sa hankalinsa ya tashi, don a filin nan ya shuka kuɓewa. Ba tare da kowa ya sani ba ya tumɓuke sandar, ya kai ta kan tudu, ya sake kafawa.

Ruwa ya yi ta sauka. Muna hango sanda daga nesa, ruwa na wajen kore, muna hamdala, alhali kwaɗi sun fara sallama a zaurena. Wani hantsi katangata ta jiƙa har wuya, ta durƙusa kamar raƙumi, ta kwanta. Ina ɗaga ido sai ga Alhaji tsaye a tsakar gidansa.

Na kutsa ruwa har tapki, na ga inda sandar ta koma, na dawo.

“Alhaji, wa ya matsar da ita?”

“Gyara mata zama na yi. Can ƙasa ruwa ke damun ta.”

“Ai don ruwa ya dame ta aka kafa ta, uban masana.”

“To ta taɓa ja? Ba ta taɓa ba. Katangarka ce raguwa, ta biyo mai ita.”

Masanan sun dawo sun dasa sandar cikin siminti, ko giwa ba ta ɗaga ta. Katanga kuwa Alhaji ya ce ni zan gina, na ce sai wanda ya kashe ta. Har yau tana kwance. Kullum safiya fuskarsa nake fara gani, yana asuwaki yana tofarwa ta wajena.

Kuɓewarsa ta yi albarka a shekarar. Na hana a ƙara kaɗa miyarta a gidana.