Furen da Dogo Ya Aiko

Yayata tela ce. Shekara talatin da ɗoriya tana kan keke ɗaya, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kayan makaranta ta fi ɗinkawa, sai rage tsawon wando da canza zif. Mijinta ya rasu tun ɗansu yana rarrafe, ba ta kuma sake aure ba. In an yi mata maganar sai ta ce keken ma ya ishe ta miji, kullum cikin ƙorafi yake.

Ɗan nata shi kaɗai ne. Dogo muke ce masa saboda gajartarsa. Ya koyi walda, ya kuma iya, amma aiki ya yi ta ja baya har ya kan yi sati bai kunna inji ba. Ana nan sai wani mutum ya zo da labarin ana ɗibar masu walda zuwa aikin shimfiɗa bututu, can nesa. Ba wanda ya san takamaiman wurin. Shi kansa Dogo cewa ya yi sai an isa za a rarraba su. Yaya ta ɗinka masa ɓoyayyen aljihu a cikin wando, ta raka shi tasha.

Sau uku ya kira ta. Ranar da ya cika kwana tara sai ga hoto ya shigo wayarta: wani ɗan fure shuɗi-shuɗi a cikin tsakuwa, ya tallafo shi da babban yatsa, har ana ganin tabon ƙuna kusa da farcen. Ya haɗo da saƙon murya: "Inna, ga abin da ke fitowa a nan, ko ruwa babu. Kalar zarenki sak." Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Ba inda ba mu je ba. Mun kai rahoto wajen 'yan sanda, mun yi cigiya a rediyo. Mutumin da ya ɗebe su kuwa ko ƙyallinsa. Bayan wata takwas kowa ya gaji, sai ita.

Wata rana na shiga shagon na tarar ta sa an wanke hoton, an ƙara masa girma.

"Ke da kike malamar makaranta," ta ce, "in aka san sunan furen nan, ai an san inda yake fitowa ko?"

"Mai yiwuwa, Yaya."

Na san zance ne mara tushe, amma bakina ya ƙi faɗa.

Ta ajiye hoton cikin leda a durowar allurai. Ta haddace shi kamar samfurin ɗinki: kunnuwan furen biyar, tsakiyarsa fari, ganyen siriri mai gashi-gashi. Duk wanda ya kawo aiki sai an nuna masa, musamman direbobin manyan motoci. Mai sayar da furanni a bakin titi ya duba ya ce, "Mama, wannan ai ciyawa ce, mu tuge ta muke yi." Mai maganin gargajiya ya ba ta suna uku a zuwa uku. Mai gyaran waya ya gwada wata manhaja, ta nuno furen ƙasashen sanyi.

"Wato ƙanƙara Dogo ya tafi yi wa walda?" in ji Yaya. Ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen ya ƙi tsayawa.

A shekara ta biyu wata abokiyar aikina ta haɗa mu da wata malama a kwalejin aikin gona. Ofishinta cike yake da kabad-kabad, ga busassun ganyaye an danne a tsakanin tsofaffin jaridu. Ta ba Yaya kujera, ta saurari labarin har ƙarshe. Ta sa tabarau ta ƙura wa hoton ido, ta jawo wani ƙaton littafi, ta rubuta dogon suna na boko a takarda.

Yaya ta karɓa da hannu biyu. "To 'yata, a ina yake fitowa?"

Malamar ta cire tabarau.

"Mama, ko'ina. Bakin hanya, kangon gida, filin ƙwallo. Ƙasashe da yawa suna da shi."

"Tsakuwar fa? Ba ta nuna komai?"

"Tsakuwa ce kawai, Mama. Ki yi haƙuri."

Don kada mu tafi da shakka, ta zagaya da mu bayan ginin. Ga furen nan a gindin tankin ruwa, ya fi ashirin, wasu ma an tattake su. Yaya ta durƙusa da ƙyar, ta ƙirga kunnuwan da yatsa.

"Shi ne," ta ce.

Ta yi wa malamar godiya, ta ce a gaida yara. Da za mu sauka daga bas sai ta ce tana da rigunan 'yan makaranta shida da za ta gama kafin Litinin.

Yau shekara huɗu ke nan da tafiyarsa. Ta daina tambayar kowa. Idonta ya yi rauni, mai fenti ne ke zura mata zare da safe kafin ya buɗe shagonsa, masu kawo ɗinki kuma sun ragu. In wani ya ce Allah ya jiƙan Dogo sai ta ɗaure fuska, in aka ce Allah ya dawo da shi sai ta ci gaba da taka keke kamar ba ta ji ba.

Watan jiya na ce ta rufe shagon ta dawo gidana, ɗaki na nan ba kowa. Ta ce a'a.

"Yaya, in jiransa kike, ai maƙwabta sun san gidana."

"Ba jira nake ba," ta ce. "Ƙarfin tattara kaya ne ba ni da shi. Miƙo min almakashin nan."