Mai Jinyar Alhaji Illiyasu

Har gobe ina tuna ranar da na ƙi bin umarnin darakta, abin da ban taɓa yi ba tun da na kama aikin gwamnati. A Guangzhou ne, a shekarar 2008, ana gab da fara wasannin Olamfik. Ni ne jami'in da hukumar ba da tallafin karatu ta jiharmu ta ajiye a can domin kula da ɗaliban musaya.

Ga yadda tsarin yake, saboda ku da kuka zo daga baya. Duk wanda aka tura horo yakan sa hannu cewa da zarar ya gama zai koma gida ya yi wa jiha aiki shekara biyu. Yafe wannan sharaɗi ikon darakta ne shi kaɗai. Jami'in da ke wurin kuwa yana da ikon jinkirta komawar idan akwai lalura: ya rubuta wa jami'a cewa hukuma ta amince, jami'a ta nema wa ɗalibi ƙarin izinin zama. Ban taɓa amfani da wannan iko ba. Masu son zama don sayen wayoyi a Tianhe sun zo mini da hawaye da turare, duk na raka su filin jirgi. 'Yan kasuwa ma Baba Meyo suke kirana, wato "babu" da Sinanci.

A cikin waɗanda suka gama horo a damunar akwai Likita Habibu. Tikitinsa na hannuna sai ya zo ofis tare da Alhaji Ɗanladi, shugaban 'yan kasuwar Kano. Suka ce wani falke daga Maraɗi, Alhaji Illiyasu, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Shisanhang yana cinikin tufafi, ɓarin jikinsa ya shanye. A asibitocin can dangi ne ke ciyar da mara lafiya, su wanke shi, su juya shi, su kuma saurari likita. Ɗan Alhaji Illiyasu ya nemi biza, an hana saboda tsaurin lokacin wasanni. Habibu ne ke zaune da mara lafiyar, shi ya sa suka zo roƙon in jinkirta komawarsa.

Na ce, "Alhaji, ku da kuka cika titin Liuhua Lu, a rasa mai jinya a cikinku?"

Ya ce, "Baba, rabinmu an ce su koma gida su sabunta biza. Sauran, wanda takardarsa ta mutu ba zai je inda ake tambayar fasfo ba. Ni da tawa ke da rai, Sinancina bai wuce 'nawa ne' da 'rage mini' ba. Da shi zan yi wa likita bayanin fitsari?"

Ban amsa ba sai da na je asibitin da kaina. Na tarar da dattijo kwance, bakinsa a karkace, Habibu na ba shi kunu da cokali. Na tambayi ma'aikaciyar jinya abin da zai faru idan Habibu ya tafi. Ta ɗaga kafaɗa.

Washegari na buga wa darakta waya. Shi kuwa yaro ne da ni na koya masa rubuta wasiƙar ofis.

"Malam Bulus, kai ne kuwa? Mutumin nan ko ɗan Najeriya ba ne. Asibitocinmu na jiran likita."

"Ranka ya daɗe, ba yafewa na nema ba. Jinkiri ne, kuma sanar da kai nake yi."

"Gwamnati ta ce kowa ya dawo kafin wasanni. Ka sa shi a jirgi."

"To, a aiko mini a rubuce cewa an janye ikon jinkiri daga hannuna. Da ya iso zan bi."

"Ina gaya maka da bakina."

"Da baki ba a janye abin da aka bayar a rubuce. Haka na koya maka."

Ya kashe wayar. Na san ba zai rubuta ba, domin ba ya son sunansa a ƙarƙashin irin wannan umarni. A ranar na rubuta wa jami'a, na karanta sau biyu, na sa hannu, na kai da ƙafata. Na ce wa Habibu, "Ran da ɗan dattijon nan ya sauka, ran nan za ka hau jirgi. Kada ka zo mini da wani dalili."

Ya ce, "Baba, ko jakata ban kwance ba."

Takardar tuhuma ta zo. Na amsa, aka dawo da ni gida kafin wa'adina ya cika, aka ajiye ni a ɗakin fayil har na yi ritaya. Bayan wasanni ɗan Alhaji Illiyasu ya sami biza, ya tarar da mahaifinsa da rai, yana iya zama da kansa. Habibu ya dawo ya yi shekara biyunsa cur a asibitin karkara.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu tsoro ya fi cin hanci yawa, kuma ya fi shi iya sa rigar bin doka. An kafa sharaɗin komawa gida ne domin kada marasa lafiya su rasa likita. Ba zan yi amfani da shi in raba mara lafiya da mai ba shi kunu ba. Tuhumar tana cikin fayil ɗina, duk mai so ya je ya karanta. Ban nemi afuwa a cikin amsata ba, kuma ba zan nema ba.