Buhun Yashi Biyu a Gindin Katanga

Edita, a shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana Azare, ni tela ne a bakin kasuwa. Mutane na yabona da haƙuri don ba a taɓa jin muryata a faɗa ba. Ba haƙuri ba ne, riƙo ne. In ka ɓata mini rai zan gaishe ka da fara'a, in wuce da abin a cikina.

Katangar ƙasa ce ta raba gidana da na maƙwabcina, kuma tun zamanin iyayenmu ruwan saman gidansa ta wata kafa a gindinta yake bi, ya ratsa tsakar gidana ya fita. Da na yi wa tsakar gidan siminti sai ruwan ya fara ba ni haushi. Maƙwabcin ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce ya ji iyalina na ƙorafi, mu zauna da mai unguwa a sake wa ruwan hanya. Na ce masa haba, ai ba komai. Washegari na cika buhu biyu da yashi na toshe kafar, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da maƙwabcin ya tafi cin kasuwar Gamawa aka tsuge da ruwa bayan la'asar. Ina zaure sai na ji kururuwar mata daga gidansa. Nan na tuna ɗakin da ke jingine da katangar na mahaifiyarsa ne, tsohuwa da ba ta tashi sai an ɗaga ta. Na ruga na kama buhunan, sun jiƙe sun yi nauyi, na kasa ko motsa su, katangar kuma tana zubo mini da laka a ka. Na zagaya na faɗa gidan, ruwa har gwiwa, ya kusa shafe gadonta. Na sungume ta, muna bakin ƙofa bangon ya rufto ya danne mata ƙafa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ɗauka na yi kisan kai.

Ta rayu, amma karayar ba ta ɗoru ba. Da aka kwashe ƙasar, maƙwabcina ya jawo buhunan ya ajiye a ƙofata. Abin da ya ce kawai, da a ce na faɗa masa gaskiya a masallaci, da aikin safiya ɗaya ne. Bai kai ni ƙara ba, bai kuma gaya wa tsohuwar ba.

Na gane wanda ya fito ya ce an ɓata masa ya fi ni, don shi ana iya shirya shi. Masu hali irin nawa, ku buɗe baki ku faɗi damuwarku, ku yarda a zauna. Har tsohuwar ta rasu, duk ranar da na shiga gaishe ta sai ta kama hannuna ta sa mini albarka, wai ni na cece ta.