Na Shiga Korama da Sabon Inji da Tsohon Sani

A lokacin da abin ya faru, ni direban haya ne a layin Kankia zuwa Kusada, na kuma daɗe a sana'ar har matasan tasha suna ce mini Baba. Ba zan ɓoye ba, mutum ne ni mai ji da kansa a kan mota. In aka zauna gardamar inji a ƙarƙashin rumfa, ni ke yanke hukunci, wanda ya musa kuwa sai in tambaye shi ko an yaye shi a shekarar da na fara riƙe sitiyari. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina a rai, kuma ina ganin direbobi irina suna tafiya a kan hanyar da na bi.

Motar da na tsufa da ita irin ta da ce, doguwa, mai kafireta, wato tsohuwar na'urar da ke haɗa wa inji mai da iska. Injinta baƙin ƙarfe ne zalla, ga shan mai, ga hayaƙi, in na cika ta da buhunan gero ranar kasuwa sai ta yi ta nishi kafin ta ɗauki gudu. Amma ba ta ɓoye mini komai. Da kunne nake gane ciwonta, da sukudireba ɗaya da tsumma nake yi mata magani. Da damina kuwa nan take nuna kanta. In na iso korama sai in ɗaure kan da ke raba wa filogai wuta da leda, in sa giya ta ɗaya, in taka totur in ratsa. In ta mutu a tsakiya ba abin damuwa ba ne: a goge filogai, fasinja su sauko su tura, in saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Na yi haka ban san iyaka ba.

Da mai ya yi tsada, fasinja kuma suka koma rububin motocin zamani, sai na rabu da ita na ɗauko ta yayi, mai injekta da ke fesa wa inji mai a maimakon kafireta, mai canja giya da kanta. Gaskiya na ji daɗinta. Injin ƙarami ne, ba nauyi, amma kana taɓa totur take miƙewa, man da tsohuwar ke shanyewa a zuwa ita yana kai ta ya dawo da ita. In tana tsaye a kunne sai ka kasa kunne kafin ka ji motsinta. Na koma ina tsokanar abokaina masu tsofaffin motoci, ina ce musu su kai garewaninsu gidan tarihi. Duk gardamar da muke yi a tasha a kan gudu ne da shan mai da sanyin ciki. Ban taɓa jin an tambayi ta ina sabon inji yake shaƙar iska ba, ni ma ban tambaya ba, don a ganina tambaya aikin ɗan koyo ne.

Ina da wa guda ɗaya, manomi, a wani ƙauye a yankin Fakuwa inda aka haife mu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni tasha da hannunsa ya damƙa ni ga wanda ya koya mini tuƙi. Wata rana a tsakiyar damina, an kwana ana ruwa, ina kan layi a Kankia da hantsi, sai matarsa ta kira ni tana kuka. Ta ce kububuwa ta sari Yaya a ƙafa yana maimai a gonar gero, an gwada maganin gida abin sai gaba yake yi. Na sauke fasinjan da suka fara shiga na kama hanya. A zuwa na bi doguwar hanya mai kwalbati. Na same shi kwance a zaure, ƙafar ta kumbura har gwiwa, amma yana cikin hankalinsa, har ya yi mini tsiya wai sai da maciji ya sa baki na zo gaishe shi.

Muka kwantar da shi a baya, matarsa ta riƙe kansa, wani maƙwabci ya zauna gaba. A nan na yanke shawarar bin gajeriyar hanya, wadda ke ratsa wata korama, don mu isa asibiti da wuri. Maƙwabcin ya ce ruwan ya ɗan taso. Na duba na ga bai wuce gwiwa ba, na ce masa na ratsa wanda ya fi wannan da motar da ba ta kai wannan ƙarfi ba. Na shiga da gudu kamar yadda na saba. Ruwa ya taru a gaban motar, muna tsakiya injin ya yi wani irin shaƙewa ya ɗauke. Hannuna da kansa ya murɗa makulli. Sai na ji ƙara mai nauyi daga ciki, kamar an buga taɓarya a turmi, daga nan shiru.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini ciwo. Na buɗe gaban motar ina neman abin da zan goge, na tarar da murfin roba da wayoyi, babu ko ɗaya daga abubuwan da hannuna ya sani. Manoma suka baro gonakinsu suka shigo ruwa, na sa su turi. Suka tura har muka fita tudu, suka sake turawa a kan yashi, ni ina ciki ina lalubar kulocin da babu shi. Na san irin wannan mota ba ta tashi da turi, an sha faɗa a gabana, amma a ranar kaina ya ƙi karɓa. Matar Yaya ta roƙe ni a nemo babur. Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan, yanzu za ta tashi. Ta sake magana, ta ce jini ya fara fitowa daga dasashinsa. Sai na ji muryar Yaya a hankali yana ce mata ta ƙyale ni, ƙanensa mota ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba. Wannan yarda da ya yi da ni ita ta ƙara zaunar da mu a wurin, domin bayan ya faɗi haka babu wanda ya sake kawo zancen babur.

Sai da rana ta karkata na haƙura. Aka samo babur daga wani ƙauye, muka sa shi a tsakiya, ni a baya ina rungume da shi. Ina jin numfashinsa a ƙirjina har Kankia. Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, an yi masa allurar dafi, an ƙara masa jini, amma bai ga ƙarshen makon ba. Na tambayi likita ko da mun iso da wuri da ya tashi. Ya ce wannan sanin na Allah ne. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma har yau ban daina yi wa kaina tambayar ba. Matarsa ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da ido, kuma da ta yi da wataƙila na fi samun sauƙi.

Daga baya makanike ya nuna mini abin da ya faru. Tsohuwar motata daga sama take shan iska, ta tukunyar da ke kan kafireta. Wannan kuwa bututun iskarta yana can ƙasa, kusa da taya. Ruwa ta zuƙa har cikin inji, da na murɗa makulli kuma sai sandar fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ta lanƙwashe. Bayanin bai ɗauke shi lokacin shan shayi ba, da na tambaya tun ranar da na sayo ta da ya gaya mini.

Hausawa sun ce sabo turken wawa, ni na gani a kaina. 'Yan'uwana direbobi, musamman mu da muka tsufa da injin da, in kun canja mota ku sauke girman kai ku tambayi abin da take so da abin da ba ta jurewa, kada ku tsaya a gudu da shan mai. Kada ku shiga ruwa da ita don kun saba, in ta mutu a ciki kada ku sake kunnawa. Abin da ya fi duka, in kuna ɗauke da marar lafiya mota ta tsaya, ku bar ta nan take ku nemi abin da ke tafiya, ko amalanke ne. Mota tana iya jira. Tawa ta kwana a bakin korama, washegari aka janyo ta, aka gyara, yanzu haka tana tasha tana lodi. Yayana yana maƙabartar ƙauyenmu.