Ƙanena Ndagi, Injiniyan da Muka Mayar Tafinta

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Alhassan, wanda duk unguwar Ketaren Gwari ta Minna ta sani da Ndagi, sunan da mahaifiyarmu ta taho da shi daga Bida. Ya rasu a shekarar da annobar korona ta sa aka rufe masallatai, muka yi azumi kowa yana tarawihinsa a tsakar gida. Waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu biyu ba. A lokacin na ce annoba ce ta tsare mutane. Yanzu da na nutsu na san ko babu annoba manyan garin nan ba za su zo ba, domin a wajensu tafinta ne ya mutu.

Ndagi injiniyan gadoji ne. Ya tafi China karatu yana saurayi, ya gama, suka riƙe shi aiki shekaru masu yawa. Ya zo gida ya yi aure ya koma da matarsa, a can aka haifi 'yarsa Maryam. Babu wanda ya kore shi. Da kansa ya tattara ya dawo Minna, ya ce da ni, "Yaya, ina ta ƙara wa masu gadoji gadoji, alhali doyar mutanenmu tana ruɓewa a tsallaken rafi."

Na yi abin da kowane wa yake yi. Na sa shi ya ɗinka babbar riga, na riƙa kai shi gaisuwa gidajen manya, daga nan aka tura mu ofisoshi. Ba zan kira sunan kowa ba, Allah Ya san su. Wani ya juya takardunsa ya ce wa ya turo shi. Wani ya ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata, mako na zagayowa muka ji ɗan ƙanwarsa ya kama aiki. Wani babba kuwa ya saurare shi da kyau har muka fara murna, sai ya tambaye shi nawa ake sayar da tayil a can, yana ginin gida. Muna fitowa Ndagi ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni da kai duk ɗaya. Kai da ajaminka, ni da rubutun China, babu wanda takardarsa take wuce masinja."

Bayan dogon zama aikin da ya samu shi ne tafinta. Wani ɗan kwangila, bari in kira shi Alhaji kawai, ya samu aikin hanya da ƙaramar gada zuwa wani ƙauye gaba da Maikunkele. Ya ɗauko wani matashin injiniya ɗan China mai suna Liyu don a ga farar fata a wurin aiki, amma Liyu Turancinsa kaɗan ne, Hausa kuwa babu. Ndagi ya girme shi, ya fi shi daɗewa a aikin, kuma fannin Liyu shimfiɗa kwalta ne, bai taɓa ganin daminarmu ba.

Alhaji ya so a jera bututun kwalbati a rufe da ƙasa a kira shi gada. Ndagi ya bi rafin da ƙafa, ya ga sharar da ambaliya ta rataye a rassan bishiyoyi sama da tsayin mutum, ya dawo ya ce wannan ba zai kai damina biyu ba. Alhaji ya dube shi a gaban leburori ya ce, "Malam tafinta, an ɗauke ka ka juya magana ne, ba ka kawo taka ba."

Washegari Liyu ya ce wani abu gajere a kan zafin rana. Ndagi ya juya ga Alhaji ya ce, "Oga ya ce a zurfafa harsashi har a taɓa dutse, a ɗaga gadar, a ƙara rodi." Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji masu ilimi!" Maganar da aka ƙi jiya, yau aka karɓe ta hannu biyu.

Haka aka gina gadar nan daga tushe har bisa. Liyu ba wawa ba ne, da ya ga yana faɗin kalma ɗaya tafinta yana faɗin goma, ya ja shi gefe. Ndagi ya zana masa komai a ƙasa. Liyu ya duba ya ga daidai ne, daga ranar ya riƙa buɗe baki kawai don a samu abin juyawa.

Da Ndagi ya ba ni labari ban yi dariya ba. Na ce masa wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta da ƙarama. Ya ce, "Yaya, maganar gaskiya ce, bakin ne na aro. In na yi shiru ruwa ya ci mutane, wa za a tambaya?" Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Har yau ban halatta ba, ina dai roƙa masa gafara. Amma in akwai zunubi a ciki, kaso mafi girma yana wuyan waɗanda ba sa jin gaskiya sai daga bakin baƙo.

Ana gama aikin aka kira Liyu gida. Ya gaya wa Ndagi cewa wani kamfani a garinsu ne ya nemo shi da kansa, domin suna son 'yan ƙasarsu da suka yi aiki a waje su dawo da abin da suka koyo. Sun ba shi muƙami da wurin zama, suka nema wa ɗansa makaranta. Ya tafi da hotunan gadar da takardar yabo mai ɗauke da sunansa. Ban ga laifin mutanensa ba. Sun san ɗansu, sun kira shi. Shi kuwa namu, ranar da Liyu ya hau jirgi Alhaji ya sallame shi ya ce, "Babu ɗan China, me za mu yi da tafinta?"

Sauran rayuwarsa a gyaran injin ban-ruwa da janareta ta ƙare, a wata rumfa kusa da Chanchaga. Bai yi bara ba, bai zagi kowa ba, sai dai ya rage magana. Hawan jini ya kama shi, wata safiya ya faɗi a rumfar. Allah Shi ne mai ajali, ban ce wani ya kashe shi ba. Amma an binne shi da ilimin da ba mu bari ya taɓa ƙasarmu da sunansa ba ko sau ɗaya.

Da yana raye yau, me zai ce? Zai ji ana ta kira a rediyo cewa 'yan ƙasa da ke waje su dawo su gina gida. Zai ga samarin unguwa kuwa kowa yana neman hanyar fita. Ina jin ba zai hana kowa dawowa ba, haka zuciyarsa take. Zai dai tambayi masu kiran ko sun tanadi kunnen da za su saurari wanda ya dawo.

Abin da ya tayar mini da wannan rubutu ya faru ne a daminar bana. Ruwa ya yi gyara a yankin, ya kwashe kwalbatoci da dama, gadar nan ta tsaya. Sai ga Alhaji a rediyo yana bugun ƙirji cewa shi ba ya ba 'yan gida aiki, shi ya sa ya kawo ƙwararre daga China. Maryam, wadda yanzu mace ce babba kuma ba ta manta yaren da ta tashi da shi ba, ta ji shi da kunnenta. Ta zo wurina idonta ja ta ce, "Baba, sun hana shi aiki, sunan ma sai sun hana shi?"

Ita ta nemo Liyu ta waya. Bai ma san Ndagi ya rasu ba. Ya ce a kai wayar kan gadar zai yi magana. Ranar kasuwar ƙauyen muka je da hantsi, muka tsaya a kan gadar tare da dagacin, Baba Danladi, tsohon manomin doya Bagbagyi, da masu kabu-kabu da mata masu ɗauke da kaya a kafaɗa. Maryam ta ɗaga wayar kowa yana ganin fuskar Liyu, yana faɗa tana juyawa. Ya ce zurfin harsashin da tsayin gadar da yawan rodin duk na Ndagi ne, shi ya riƙa ƙara su wajen juya magana. Ya ce ya ci yabon da ba nasa ba, ya samu aiki da shi, ya yi shiru shekara da shekaru.

Baba Danladi ya ɗaga sandarsa ya ce, "Yarinya, tsaya. Babanka ya kara magana, yaya za mu sani kai ma ba ka kara?"

Aka fashe da dariya. Maryam ta juya wa Liyu tambayar. Ya share ido, sannan ya laluɓo 'yar Hausar da ya tsinta a bakin leburori, ya ce da bakinsa, "Baba, gaskiya. Gada na Ndagi. Ni kallo kawai."

Dagacin ya cire hularsa. Shi Kirista ne, amma ya ce in yi addu'a irin tamu su amsa. Na yi, suka amsa.

Alhaji bai janye maganarsa ba, ofisoshin nan kuma suna nan yadda muka bar su. Abin da ya rage na Ndagi shi ne kankare da yake tsaye cikin ruwa, da doyar da take isa kasuwa, da ladar duk ƙafar da ta tsallaka lafiya. Tsakaninsa da Liyu kuwa babu sauran komai, baƙo ya mayar da abin da ya riƙe a gaban shaidu. Allah Ya karɓi gadar nan a matsayin sadaka mai gudana, Ya rubuta ta da sunan wanda ya gina ta.